Yadda Za Ka Zaɓi Katin Bas da Jirgin Ƙasa Idan Za Ka Hutu a Babban Birni

Mutanen Gombe suna tafiya fiye da yadda ake zato. Akwai 'yan kasuwar da suka saba da Dubai da Istanbul, akwai iyayen da ke zuwa Ingila bikin kammala karatun 'ya'yansu su ƙara mako guda suna ganin gari, akwai kuma masu tsayawa Riyad ko Alƙahira da iyali. Kowa kan zauna ya lissafa kuɗin jirgi da biza da masauki da tsaraba. Abin da ake bari sai an sauka shi ne kuɗin zirga-zirga a cikin gari, kuma a nan ne guzuri ke zurarewa ba a sani ba. Wani zai yi ta hawa tasi saboda tsoron jirgin ƙasa. Wani kuma, tun bai fita filin jirgi ba, zai sayi katin da ya fi kowane tsada don an ce masa da shi zai shiga ko'ina. Dukkansu suna asara, kuma da canjin yau asarar fam goma ko yuro goma ba ƙaramar aba ba ce ga wanda ya tara kuɗinsa da naira.

Katin kwana ko na mako kamar ɗaukar shatar Keke ne na yini. Idan kana da sako a Pantami da Tudun Wada da Babbar Kasuwa da Jekadafari, shata ta fi. Idan daga gida zuwa wuri ɗaya za ka je ka dawo, biyan kujera ya fi. Abin da zai raba maka gardama shi ne yawan hawan da za ka yi, kuma tun kana gida za ka iya sanin wannan.

Mataki na farko: rubuta kwanakinka a takarda

Ɗauki biro da takarda. Rubuta ranar da za ka sauka da sunanta, Litinin ce ko Juma'a, da ƙarfe nawa. Rubuta ranar komowa. A ƙarƙashin kowace rana sai ka jera wuraren da kake son zuwa, ka buɗe taswirar waya ka ga wanne ke kusa da wanne, ka haɗa maƙwabta a rana ɗaya. Daga nan ka ƙirga hawa: daga masauki zuwa wuri na farko ɗaya, daga can zuwa na biyu biyu, komawa masauki uku.

Ka ƙirga da gaskiya, gwargwadon yadda mu muke yawo. Jadawalin da kamfanonin yawon buɗe ido ke bugawa na matashi ne da ke fita da safe sai dare. Idan kana tare da Hajiya ko da yara, da wuya a wuce wurare biyu a yini. Amma kuma muna da hawan da su ba su sa a lissafi: komawa masauki da rana don salla da hutawa, neman inda ake sayar da abincin halal, zuwa masallacin Juma'a. Wanda ke Landan yana son ya yi Juma'a a babban masallacin Whitechapel ko na Regent's Park, wanda ke Faris yana son babban masallacin da aka buɗe a 1926, to wannan zuwa ne da dawowa, a rubuta shi. Sannan ka cire ranar sauka da ranar tashi daga cikakkun kwanaki. Ranar sauka gajiya ce, ranar tashi haɗa kaya ne. Mai kwana biyar a gari, kwanakin yawonsa na gaske uku ne ko uku da rabi.

Mataki na biyu: duba inda masaukinka yake

Manyan birane da yawa sun kasa kansu shiyya-shiyya, kuɗin hawa kuma yana ƙaruwa da yawan shiyyoyin da ka ratsa. Landan tana da shiyya ta 1 a tsakiya, sauran suna kewaye da ita zobe-zobe, kuma filin jirgin Heathrow yana ta 6. Dubai tana da shiyyoyi bakwai. A Alƙahira kuwa da yawan tashoshin da za ka wuce ake yanka kuɗin tikiti.

Saboda haka otal mai araha a bayan gari ba lallai ne ya zama araha ba. Idan ka rage fam ashirin a kuɗin ɗaki amma ku huɗu ne kuna biyan ƙarin kuɗin jirgi safe da yamma, ga ɓata awa biyu a hanya, ragin ya tafi. Akasin haka ma yana faruwa. Ɗan kasuwar da ya sauka a Laleli ko Aksaray a Istanbul, da ƙafa zai je Babbar Kasuwar Rufi, kuma jirgin titi mai lamba T1 ya bi ta ƙofarsa ya wuce Sultanahmet da Eminonu. Wanda ya sauka a unguwar Deira ta Dubai kusa da kasuwar Naif, yawancin cinikinsa a ƙafa zai yi. Irin waɗannan ba sa bukatar katin kwana ko kaɗan. Idan kuma gidan ɗan'uwa za ka sauka, tambaye shi sunan tashar da ta fi kusa da shi da shiyyarta tun kafin ka taso.

Mataki na uku: san irin katunan, sannan ka yi rabawa

Duk sunayen da za ka gani a allon tasha, iri huɗu ne. Akwai tikitin hawa ɗaya. Akwai katin da kake loda wa kuɗi ana cira duk lokacin da ka hau, irin Oyster na Landan da Nol na Dubai da Istanbulkart, wanda duk wanda ya hau BRT a Legas da katin Cowry ya san tsarinsa. Akwai katin kwana ko na mako, wanda za ka biya sau ɗaya ka yi ta hawa. Sai katin 'yan yawon buɗe ido, wanda ke haɗa hawa da ragin kuɗin shiga wuraren kallo.

Lissafin guda ɗaya ne: raba kuɗin katin kwana da kuɗin hawa ɗaya. Abin da ya fito shi ne yawan hawan da sai ka kai kafin katin ya fara yi maka amfani. Sai ka kwatanta da abin da ka ƙirga a takarda. Farashin da zan kawo na 2025 ne. Ana ƙara shi kusan duk shekara, a Istanbul ma fiye da sau ɗaya saboda faɗuwar lira, don haka ka duba sabon a shafin hukumar sufurin garin, ka bi hanyar lissafin nan.

Riyad ce mafi sauƙin misali. Jirgin birnin, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Disambar 2024, yana da tikitin awa biyu a kan riyal 4, na kwana uku riyal 20, na kwana bakwai riyal 40. Raba 20 da 4, biyar ke nan. Wanda zai hau sau shida a kwana uku, wato zuwa da dawowa sau ɗaya a kullum, ya riga ya ci riba da na kwana uku. Wannan gari ne da katin kwanaki ya fi ga kusan kowa.

Dubai daban take. Katin Nol mai launin azurfa dirhami 25 ne, 19 daga ciki kuɗin hawa ne. Da shi hawa a cikin shiyya ɗaya dirhami 3 ne, shiyya biyu 5, fiye da haka 7.5. Tikitin yini kuwa dirhami 20 ne, ga 2 na jar takardar da ake ɗora shi a kai. Mai yawo tsakanin Deira da kewaye sai ya hau sau takwas kafin tikitin yini ya biya kansa, abin da ba mai yi. Amma ranar da za ka yi dogayen tafiye-tafiye irin na Deira zuwa can Marina, dogon hawa uku kawai ya kai dirhami 22.5. Shawarata a Dubai ita ce azurfa don yau da kullum, tikitin yini kuma a ranar doguwar tafiya kaɗai. Jirgin fito na katako da ke tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai dirhami 1 ne, a hannu ake biya.

Landan ce ta fi rikita baƙo, alhali tsarinta ya fi kowanne tausaya masa. Idan kana biya da Oyster ko da katin banki mai taɓawa, akwai iyakar abin da za a cire maka a yini. A shiyya ta 1 da ta 2 fam 8.90 ne. Hawa ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari ya kusa fam 3, don haka a hawa na huɗu ka kai iyaka, duk abin da ka hau bayan nan kyauta ne. Ranar da ka hau sau biyu, na biyun kawai za ka biya. Ranar da ruwan sama ya tsare ka a ɗaki, ko sisi ba za a cira ba. Katin mako na waɗannan shiyyoyi fam 44.70 ne, wato kuɗin iyakar kwana biyar da 'yan kai. Ma'ana sai wanda zai yi yawo sosai kwana shida ko bakwai a jere ne katin mako zai amfana. Mai kwana huɗu ko biyar kada ma ya kalle shi. Bas kuma ta fi araha nesa ba kusa ba: fam 1.75, kuma duk bas ɗin da ka canza a cikin awa ɗaya ba a ƙara cirar komai, iyakar yini kuma fam 5.25. Ga dattijon da matakalar ƙarƙashin ƙasa ke wahalarwa, kuma yana son ya ga gari da idonsa, bas ce ta dace. Sai dai tun 2014 bas ɗin Landan ba ta karɓar kuɗi a hannu.

Mataki na huɗu: tambayi yaushe katin ke fara ƙirga

Nan ne takardar da ka rubuta sunayen ranaku za ta yi aiki. Wani katin awanni yake ƙirgawa daga lokacin da ka fara amfani da shi, kamar na Rum mai awa 24 ko 48 ko 72. Wani kuma ranar kalanda yake bi: ka saye shi da la'asar, tsakar dare ya mutu, ka biya kuɗin yini ka ci rabi.

Katin mako na Faris, Navigo, shi ne babban misali. Daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ko da wace rana ka saya, kuma daga Juma'a sun daina sayar da na makon da ake ciki, sai na mai zuwa. Kuɗinsa yuro 31.60, ga yuro 5 na katin kansa, wanda ake manna wa ƙaramin hoto, don haka ka taho da fasfo ɗaya a jaka. Jimla 36.60. Hawa ɗaya a jirgi yuro 2.50 ne, tikitin filin jirgin sama kuma yuro 13. Katin mako ya haɗa har da filin jirgi. Wanda ya sauka Litinin zai tashi Asabar, zuwa da komawa filin jirgi kaɗai yuro 26 ne, saura 10.60, hawa biyar ya cike su. A gare shi babu abin da ya kai wannan kati. Wanda ya sauka Juma'a zai tashi Talata kuwa, makonni biyu ya ratsa, katin bai yi masa ba. Gara ya ɗauki Navigo Easy na yuro 2 ya riƙa loda tikiti, ranar da zai hau sau biyar ko fiye ya ɗora na yini mai yuro 12. Gari ɗaya, kwanaki kusan ɗaya, ranar sauka ce kawai ta bambanta su. In har kana da zaɓi wajen yankar tikitin jirgin sama, ka sa wannan a rai.

Mataki na biyar: filin jirgi yana ciki ko ba ya ciki?

Tambayi wannan a fili. Tikitin yini na Faris bai haɗa da filin jirgi ba. A Landan jirgin Heathrow Express yana da nasa kuɗin mai tsada kuma ba ya shiga iyakar yini, alhali layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana zuwa filin a kuɗi kaɗan. A Istanbul layin M11 ya isa sabon filin jirgi tun 2023, a Dubai kuma jan layi yana tsayawa a tasha ta 1 da ta 3 ta filin. Amma ka dubi kayanka. Ranar komowa gida da akwatuna shida na tsaraba, jirgin ƙasa ba naka ba ne. Ware kuɗin tasi na wannan rana daban, kada ka sa ta a cikin ribar kati.

Mataki na shida: ku nawa ne?

Mu ba mu cika tafiya mu kaɗai ba, kuma lissafin iyali daban yake da na mutum ɗaya. A Landan kowa da katinsa. Ba za ka taɓa kati ɗaya ka wuce ka miƙa wa uwargida ta taɓa ba. Amma yaran da ba su kai shekara 11 ba kyauta suke hawa tare da babba, har yara huɗu a jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ku bi ta ƙofa mai faɗi. Masu shekara 11 zuwa 15 kuwa, ka roƙi ma'aikacin tasha ya sa musu ragin baƙi a Oyster ɗinsu, rabin kuɗi ne har kwana 14. Mutane da yawa ba su san da wannan ba, kuma ba wanda zai yi maka tayinsa sai ka tambaya. A Faris 'yan ƙasa da shekara 4 kyauta ne, daga 4 zuwa 9 rabin kuɗi. A Dubai 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya, amma kowane babba da nasa Nol. Istanbulkart na gama-gari kuwa mutum fiye da ɗaya na iya wucewa da shi, ana taɓa wa kowa bi da bi.

Idan kun kai huɗu manya kuma tafiyar gajera ce, a Dubai ko Alƙahira ko Riyad tasi na iya zuwa daidai da kuɗin jirgi. A Landan da Faris da wuya hakan ta faru.

Mata su san cewa jirgin Dubai yana da tarago na mata da yara, na Alƙahira ma haka. Namijin da ya shiga na Dubai tarar dirhami 100 ce, haka ma ci ko sha a cikin jirgin, har taunar cingam.

Katin 'yan yawon buɗe ido

Shi ne aka fi tallatawa, kuma shi na fi jan kunnen mutanenmu a kansa. Paris Visite na kwana ɗaya ya kusa yuro 30, kusan kuɗin Navigo na mako guda cur. Katunan da ke haɗa kuɗin shiga wurare suna biyan kansu ne idan mutum zai shiga wurare uku ko huɗu masu tsada kowace rana, yana gudu daga wannan zuwa wancan. Duba jerin wuraren da katin ya ƙunsa, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda da ma kana da niyyar zuwa ko babu kati, ka tara kuɗin shigarsu. Idan bai kai kuɗin katin ba, bar shi. Manyan gidajen tarihin Landan irin British Museum kyauta ake shiga, masallatan Istanbul irin Sultanahmet da Sulaimaniyya ma haka, kasuwa kuwa ba a biyan kuɗin shigarta. Yawancin abin da ke kai mu waɗannan garuruwa ba ya cikin abin da katin ke sayarwa.

Mataki na bakwai: da me za ka biya?

Kafin ka bar Gombe, shiga bankinka ka tambaya ko katinka na aiki a waje, nawa ne iyakarsa, kuma nawa suke cira a kan kowace biya. Dokar katin naira a ƙasashen waje ta sha canzawa a 'yan shekarun nan, don haka abin da maƙwabcinka ya gani bara ba hujja ba ne. Idan akwai shakka, mafita ita ce katin garin da ake loda wa kuɗi a hannu. Ka canza kuɗi kaɗan ka riƙe ƙananan takardu, domin wasu na'urorin ba sa ba da canji, duk abin da ka zura shi za su loda. Ka sayi kati a na'ura ko tagar tasha kawai. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa da kati a hannu yana cewa zai taimake ka, yi masa godiya ka wuce. Na'urorin suna da maɓallin Turanci.

Loda kaɗan-kaɗan, na kwana biyu, in ya ragu ka ƙara. A Dubai ka tabbata akwai aƙalla dirhami 7.5 a kati, in ba haka ba ƙofa ba za ta buɗe ba.

Yadda za ka hana ribar zubewa

A jirgin Landan ana taɓa kati wajen shiga da wajen fita, a bas kuwa wajen shiga kaɗai. Wanda ya manta na fita, kuɗin tafiya mafi tsawo za a cire masa, kuma ba ya shiga iyakar yini. A Dubai har a bas sai ka taɓa wajen sauka. Ka tsaya a kan kati ɗaya daga safe zuwa dare: idan ka shiga da katin banki ka fita da waya, na'ura za ta ɗauke ku mutum biyu, ko da asusun ɗaya ne. Ka kuma fitar da katin daga cikin walat kafin ka taɓa, kada ta ciri kuɗi a wanda ba ka nufa ba. A garuruwan da ake buga wa tikitin takarda hatimi a cikin bas, irin Rum, tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, kuma masu bincike ba sa jin uzurin baƙunta. Tarar Landan fam 100 ce, ta fi kuɗin katin mako biyu.

A ranakun aiki, jirgin Landan ya fi tsada daga 6:30 zuwa 9:30 na safe da kuma 4:00 zuwa 7:00 na yamma. Mai hutu ba abin da ke korarsa, ya karya kumallo a natse ya fita bayan tara da rabi, ya samu wurin zama da ragin kuɗi.

Saura kwana biyu ka tashi, daina lodi mai yawa, ka duba abin da ya rage ka daidaita shi da hawan da ya saura. Idan ragowar Oyster ba ta wuce fam 10 ba, na'urar tasha za ta mayar maka da ita, amma daga nan katin ya daina aiki, don haka sai bayan hawa na ƙarshe. Idan kana sa ran komawa, ko wani a gida yana da tafiya, bar kuɗin a ciki, ba ya lalacewa. Nol na azurfa shekara biyar yake yi. Ajiye su tare da fasfo, ka rubuta a 'yar takarda nawa ya rage a kowanne da watan da ka saya.